Abin da Aka Hango ta Tagar Sama

A garin Oldham da ke gefen Manchesta, arewacin Ingila, akwai layuka na gidajen jan bulo manne da juna, bango ɗaya ya raba gida da gida. An gina su ne don ma'aikatan masaƙu, a zamanin da garin ke kan gaba a duniya wajen kaɗin auduga. Har audugar Zariya da Funtuwa yankin nan Turawa suka riƙa kai ta. Masaƙun sun daɗe da mutuwa, gidajen suna nan. Bari mu ɗauki layi ɗaya mu zaunar da mutum biyu a kansa, ƙofa na kallon ƙofa. Mutanen ni na ƙaga su, don haka kada wani ya tsargu. Dokar da za ta bi ta kansu dai, da alƙaluman da za ka gani, waɗannan ba ƙage ba ne.

Ta farko mace ce da ta ba hamsin baya. Ta yi shekara da shekaru tana girki a wata makarantar firamare, kafin ƙafarta ta hagu ta fara yi mata gardama, ludayi ya riƙa suɓuce mata. Likitoci suka ce ciwon da suke kira MS ne: garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai saƙo ya riƙa katsewa tsakanin kai da gaɓoɓi. Ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Masu fama da shi a Birtaniya sun haura 130,000, mata sun fi yawa. Muguntarsa ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai sikila ya san irin wannan hali: da hantsi yaro na guje-guje a tsakar gida, kafin isha'i ana neman motar zuwa asibiti. Mu kira ta Mai Furanni, saboda tukwanen furen da ta jera a ɗan filin ƙofar gidanta. Su kaɗai ciwon ya bar mata na aikin hannu.

Tana karɓar tallafin da gwamnati ke ba masu nakasa ko doguwar jinya, wanda ake kira PIP. A 2013 aka fara shi, ya maye wa masu shekarun aiki gurbin wani da ake kira DLA da aka kafa tun 1992, kuma ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, ke biya. Ba kuɗin rashin aiki ba ne, ba kuma sadakar talauci ba. Mai aiki na iya karɓa, mai ajiya a banki na iya karɓa. Kuɗi ne na rage tsadar da nakasa ke ɗora wa mutum. Ba a kuma duba sunan ciwo. Maki ake bayarwa kan abubuwa 12, goma na zaman yau da kullum irin su girki da wanka da sa tufafi da shiga banɗaki, biyu na zirga-zirga. Maki 8 ƙaramin kaso, maki 12 babban kaso. Wanda ba ya iya wuce mita 20 da ƙafa yana da maki 12 na tafiya, Mai Furanni kuwa tana cikinsu. Kuɗin tafiyar ma ba ya shiga hannunta, ta sallama shi ga shirin Motability, wanda aka kafa a 1977 don ba masu nakasa hayar mota, ana canza ta duk shekara uku. Motar ba tata ba ce. Amma sabuwa ce, tana ƙyalli, kuma a bakin titi take kwana.

Na biyu, mu kira shi Mai Aikin Dare. Yana loda kwalaye a wani katafaren sito a bakin babbar hanya, daga goma na dare zuwa shida na safe. Bayansa na ciwo, albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, kuɗin gas da wuta da suka yi tashin gwauron zabo a 2022 sun cinye 'yar ajiyarsa, motarsa kuwa sai an lallashe ta take tashi a sanyi. Kada ka ɗauka mugu ne mai ƙaho. In ƙanƙara ta sauka, shi ke janyo mata kwandon shara zuwa bakin titi. Ita kuma take karɓar masa saƙon gidan waya in yana barcin rana. Ita da bakinta ta gaya masa yadda aka yi ta samu motar, ran da ya tsaya yana shafa ta yana cewa, "Kai, maƙwabciya, wannan ai ta manya ce."

Wata Asabar cikin watan Mayu rana ta fito, ita ma ta tashi jikinta da dama-dama. Ta je kantin kayan lambu, yaron kanti ya sa mata ƙaramin buhun taki a mota. Da ta dawo ta tsaya daidai ƙofa, ta dubi sandarta a kujerar gaba, ta dubi tazarar da ba ta fi taku shida ba, ta ce yau dai bari in gwada. Ta rungumo buhun ta kai. Ta durƙusa ta yi shuka, har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Tsohuwar gidan kusurwa ta zo wucewa ta ce, "Iye, yau kuma budurwa muka samu a layin!" Suka yi dariya.

Shi kuwa ya dawo daga aiki, ciwon baya ya hana shi barci, yana tsaye a tagar sama ya ɗan ɗage labule. Ya ga mota, ya ga buhu, ya ga babu sanda, ya ji dariya. Daga nan ya saki labule ya kwanta.

Saboda haka bai ga yadda ta tashi daga durƙuson ba, da rarrafe, tana dafa tukunya tana dafa dokin ƙofa. Bai ga daren ranar ba, da ƙafar ta ƙi ɗaukar ta zuwa bene, ta kwana a kujerar falo da kayan jikinta. Bai ga Lahadi da Litinin da Talata ba, da 'yarta ke zuwa kafin ta tafi aiki ta tallabe ta zuwa banɗaki, ta wanke mata kai a kwano tana faɗa: "Mama, saboda furanni? Saboda furanni za ki kashe kanki?" Ita kuma ta ce, "Ƙyale ni, ko ba komai na ji ni ma mutum ce." Duk wannan a bayan bango aka yi.

Ba a ranar tunanin ya tsiro masa ba, an daɗe ana yi masa ban ruwa. Tun 1996, lokacin da Peter Lilley ke ministan walwalar jama'a, gwamnati ta buɗe layin waya na kyauta don kai ƙarar wanda kake zargi da cin kuɗin tallafi ta hanyar ƙarya, ba sai ka faɗi sunanka ba. Gwamnatin Leba da ta biyo baya ta yi ta manna talla tana gargaɗin maha'inta cewa ido na kansu. A 2012 ministan kuɗi George Osborne ya tsaya a taron jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya siffanta ma'aikacin da ke sammako cikin duhu, ya ɗaga kai ya ga tagar maƙwabcinsa a rufe, yana sharar barci da kuɗin gwamnati, ya tambayi ina adalci a nan. Talabijin ta ɗauka da shirye-shirye irin su Benefits Street na 2014, jaridu suka riƙa buga hoton wanda ya ce ba ya iya tafiya aka kama shi a filin golf. Sakamakon ya nuna. A binciken da kamfanin Ipsos MORI ya yi a 2013, jama'a sun ƙiyasta cewa fam 24 cikin kowane 100 na kuɗin tallafi ha'inci ke cinyewa, alhali ƙiyasin hukuma peni 70 ne, bai ma cika fam ɗaya ba.

Don haka da ƙarfe uku na dare, lokacin hutun shan shayi, yana zaune kan kwali a sito, sai ya ciro waya ya buɗe fom ɗin gwamnati. An tambaye shi sunanta da adireshinta da kamanninta da motar da take hawa. Nasa sunan kuwa an ce in ya ga dama. Bai ga dama ba. Ya rubuta cewa tana karɓar kuɗin nakasa, ga sabuwar mota, amma ya gan ta da idonsa ta ɗauko buhu ba sanda, ta durƙusa tana shuka. Ya ƙara da cewa akwai hotonta a Facebook, tsaye a bakin teku a Blackpool tana murmushi. Ya tura, ya shanye shayinsa, ya koma kan kwalaye.

A yi masa adalci, ko harafi ɗaya bai yi ƙarya ba. Ta ɗauki buhun. Ta durƙusa. Hoton ma yana nan, sai dai 'yarta ce ta ture keken guragun gefe kafin ta ɗauka, don uwar ta ce tana so ko a hoto ɗaya jikokinta su gan ta a tsaye. Irin wannan shaida ta fi kowace wuyar tunkuɗewa. Maƙaryaci ana iya kama shi. Wanda ya ɗebi gaskiyar rabin sa'a ya auna rayuwar shekara da ita, ta ina za ka kama shi? An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ciwon da ke cikin laka dai ido bai san kimarsa ba.

Saƙonsa ya faɗa cikin tulin irinsa. A 2016 jaridar Observer ta buga alƙaluman da ta samu daga DWP a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai: cikin ƙararraki fiye da miliyan ɗaya da jama'a suka kai, aka kuma rufe su tsakanin 2010 da 2015, sama da kashi 85 cikin 100 ba a samu hujjar ha'inci a cikinsu ba. Shi PIP ɗin kansa, a ƙididdigar ma'aikatar ta shekarar 2023 zuwa 2024, ha'incin da ke cikinsa ya ƙanƙanta har ya fito sifili a lissafi. Ban ce babu ɓarayi ba. Akwai su, manyansu kuwa ba su da lokacin shuka furanni: a 2024 wata kotu a Landan ta ɗaure mutum biyar da suka wawure sama da fam miliyan 50 ta hanyar cusa dubban buƙatun bogi na tallafin Universal Credit.

Bayan 'yan watanni wasiƙa cikin ambulan mai ruwan ƙasa ta faɗo ta ramin ƙofa. Masu karɓar tallafi a Birtaniya sun san launin nan. Akwai masu barin wasiƙar ta kwana biyu a kan tebur kafin su iya buɗewa. An sa mata ranar da za a kira ta a waya.

Muryar namiji ce, mai ladabi. "Uwargida, mun samu bayani cewa mai yiwuwa yanayinki ya canza."

"Bayani daga wa?"

"Wannan ba zan iya gaya miki ba."

"To, me aka ce na yi?"

"Kina aikin lambu?"

Nan take cikinta ya ɗuri ruwa. Ba tambayar ce ta kaɗa ta ba, sanin da ta yi ne cewa wanda ya gani a layin yake. Ta ce e, ran da jiki ya yarda. Kina ɗaukar kaya? Sau ɗaya. Kin je Blackpool? Na je, a keke. Mutumin ya rubuta, ya gode mata, ya ce shi bai ga alamar ha'inci ba, ba za a ja maganar ta wannan fuska ba. Sai dai tunda an ta da batun, za a tura fayil ɗinta a sake duba cancantarta.

Zargin ya mutu a waya, abin da ya haifa bai mutu ba. A takarda ba a hukunta ta ba, sake dubawa kawai za a yi, abin da doka ta ba ma'aikatar damar yi ko yaushe. Amma tallafin da aka riga aka yanke mata na shekaru ya koma kan sikeli, saboda wani da ba a san ko wane ne ba, ba a tambaye shi sau nawa ya gan ta ba, ba a tambaye shi ko akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsu ba. Wanda ke bayan irin wannan saƙo yana iya zama tsohon miji da aka rabu dutse a hannun riga, ko ɗan'uwa da ake rigimar gado da shi, ko maƙwabcin da ake faɗa da shi kan wurin ajiye mota. Fom ɗin ba ya tace su. Ba rantsuwa, ba gurfana, in ma sharri ne wa za a kama? Ita kuwa wadda aka ambata, sunanta da ciwonta har da yadda take tsarki, duk sai an baje su a tebur.

Aka aiko fom mai tarin shafuka, aka ba ta wata ɗaya. Ita da 'yarta suka cika shi, tana faɗin abubuwan da mace ba ta son faɗa ko ga likitarta: sau nawa fitsari ke kufce mata, wa ke ɗaura mata rigar mama. Sannan aka kira ta tantancewa. Kamfanoni masu zaman kansu gwamnati ke ba kwangilar wannan aiki, mai tantancewar kuma ba lallai ne likitan jijiya ba. Yana iya zama nas, ko mai gashin ƙashi, ko ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya. Wadda ta samu ba ta ɗaga mata murya ba, hira ta riƙa jan ta da ita. Kina zuwa babban kanti? Wani lokaci. Daga inda kike ajiye mota zuwa ƙofar kantin fa? Ina jingina da amalanken sayayya. Mai Furanni irin matan nan ce da aka rena kan kada a kai kuka. In an ce yaya jiki, sai ta ce da sauƙi ko da tana ganin lahira. Ta amsa komai da fara'a don kada a ce ta cika raki.

Rahoto ya fito cewa tana iya tafiyar da ta wuce mita 20 amma ba ta wuce 50 ba, da abin dogarawa. Maki 10. Biyu suka rage ta cika 12. A farashin 2024 babban kason tafiya fam 75.75 ne a mako, ƙaramin fam 28.70, amma asarar ba a fam 47 ɗin ta tsaya ba, don Motability sai mai babban kaso. Cikin 'yan makonni ta mayar da makullin mota.

Abin takaici, dokar kanta tana bayanta. Ƙa'idar PIP ta ce ba za a ɗauka mutum na iya abu ba sai in yana iya yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai gwargwadon buƙata, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na mai lafiya ba. Halin da mutum ke ciki a fiye da rabin kwanakinsa ake dubawa, ba ranar da ya fi jin daɗin jikinsa ba. Wanda ya tsara wannan ya san akwai ciwo mai kwanciya da tashi. Sai dai doka a littafi take, rahoto kuwa mutum mai gaggawa ke rubutawa, ga wasu na jira.

Ta nemi ma'aikatar ta sake tunani, matakin da tun 2013 aka wajabta kafin a je kotu. Aka sake tunani aka dawo kan bakan da ake, kamar yadda ake yi wa mafi yawa. Wani ma'aikacin sa-kai a ofishin Citizens Advice ya taya ta ɗaukaka ƙara. Sai jira. Sanyi ya shigo ya fita. Asibitin da take kai kanta ya koma sai da tasi, kuɗin tasi ya sa ta riƙa ɗage ganin likita. Ta rame.

A nan ne layin ya fara lalacewa. Wanda ba a gaya masa wa ya jefe shi ba, kowa ya ɗaga hannu sai ya kauce. Ta zauna ta riƙa tsefe Asabar ɗin nan: wa ya wuce, wa ya tsaya, wa ya ce me. Sai ta tuna maganar budurwa. Shi ke nan. Tsohuwar gidan kusurwa, wadda ta yi shekaru tana kawo mata miya in jiki ya motsa, ta zo ta ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Ta sake zuwa, aka karɓi kwanon a bakin ƙofa ba a ce ta shigo ba. Tsohuwa ba ta san laifinta ba, ita ma ta koma gida ta yi zuciya. Mai Aikin Dare kuwa ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba. Ai shi ne mai janyo kwandon shara. Da ya ga wurin motar fayau ma sai da ya tsallako ya ce, "Maƙwabciya, ina motar? Kai, mutanen nan ba su da tausayi." Kuma da ya faɗa, har ransa ya ji ba daɗi. Bai zaci abin zai kai nan ba. Shi dai cewa ya yi a bincika, in tana da gaskiya ai ba abin da zai same ta. Haka ya riƙa gaya wa kansa a hanyar sito, haka kuma duk masu irin aikinsa ke faɗa.

Fiye da shekara bayan Asabar ɗin aka kira shari'ar. Ɗaki ne da tebur, mutum uku a bayansa: alƙali, da likita, da wani masanin harkar nakasa, kuma ba ƙarƙashin DWP suke ba. Likitan, wani dattijo, ya duba takardu, ya cire tabarau, ya ce, "An rubuta nan kin ɗauki buhun taki kin yi shuka. Bayan kin gama, sai me ya faru?"

Ta buɗe baki ta kasa. Tun da aka fara wannan tafiya, daga mai waya har mai tantancewa, ba wanda ya tambaye ta abin da ya biyo baya. 'Yarta ce ta ba da labarin kujerar falo da kwanon wanke kai. Likitan ya tambayi sau nawa a wata take samun irin ranar, ta ce uku, in an taki sa'a huɗu. Aka ce su jira a waje. Kafin shayin da 'yar ta sayo ya huce aka kira su: an mayar mata da maki 12, za a biya ta duk abin da aka riƙe. Wanda ya san alƙaluman ma'aikatar shari'a ba zai yi mamaki ba. Cikin ƙararrakin PIP da ake saurare a wannan kotu, kusan biyu cikin uku, wasu shekarun ma bakwai cikin goma, mai ƙara ke nasara. Wannan kuwa lissafin waɗanda suka jure har can ne. Da yawa a hanya suke saki.

Kuɗi ya dawo, mota ta dawo. Matar ce ba ta dawo ba. Mai gashin ƙashi ya ce ta riƙa ɗan takawa kullum don kada ƙafar ta ida mutuwa. Ta ce to, ba ta yi. Ran da ta tashi da dama-dama sai ta zauna a falo ta ja labule har ranar ta wuce. In za ta fita, ko taku biyu ne, sai da sanda, ta kuma koyi ɗaure fuska a ƙofar gida, don ta gane dariya ma shaida ce. Ta rufe Facebook. A bikin jikarta kujera ta riƙe daga farko har ƙarshe, tana roƙon kada a ɗauke ta hoto. Ba ita kaɗai ba ce. A binciken da ƙungiyar Activity Alliance ta fitar a 2018, kashi 47 cikin 100 na masu nakasa da aka tambaya sun ce suna tsoron a yanke musu tallafi in aka gan su suna motsa jiki. Gwamnatin da ke biyan likitan da ke cewa tashi ki taka, ita ce ke biyan kuɗin layin da za a kira in an gan ta tana takawa.

Furannin suka bushe a tukwanensu. Mai Aikin Dare ya lura, har ya yi wa matarsa ƙorafi cewa ƙofar gidan can ta zama juji, tana zubar wa layi daraja. Ya lura ta daina karɓar masa saƙo, ya ce girman kai ya shige ta. Ma'aikatar ba ta gaya wa mai kai ƙara yadda aka ƙare, saboda haka shi ya yanke nasa hukuncin da kansa. Da aka ɗauke motar, bayan ɗan jimamin da ya yi, ya ce ashe dai da gaskiyata. Da ta daina fita ya ce ta shiga taitayinta, ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da motar ta dawo ya ce irinsu sun san hanya. Babu abin da Mai Furanni za ta yi a ƙofar gidanta, ko ta ƙi yi, da ba zai ƙara masa yaƙini ba. Layin kuwa yana nan a buɗe, kyauta, ga shi da duk mai sha'awar sake kira.

Gajiyarsa gaskiya ce, ƙuncinsa gaskiya ne, kuma akwai masu hannu a ciki: mai siton da ke biyan sa abin da ba ya isa, da masu sayar da gas, da masu tsara haraji. Duk sun yi masa nisa, ba su da ƙofa a layin. Wadda hannunsa ke kaiwa ita ce mai ɗingishi ta tsallaken titi, aka kuma miƙa masa lambar waya. Ko peni bai ƙaru a albashinsa ba da aka ɗauke motar. Abin da aka kashe kan mai waya, da mai tantancewa, da mai sake tunani, da mutum uku a bayan tebur, daga harajin nan da yake ta kuka a kai aka cire.

Wannan dai a Ingila ne, ƙasa mai nisa da sanyi, inda har sa ido fom gare shi. Mu nan ai ba mu da fom. In ka ga wanda sunansa ke cikin jerin masu karɓar taimako ya sa sabuwar riga ran sallah, ko mai sikilar ofishinku da ya ɗauki hutun jinya ya ɓulla a wurin ɗaurin aure, na san kai ba ka cewa komai, ba ka tura wa kowa hoto, ba ka raɗa wa oga. Don haka ba da kai nake ba. In ka san wanda yake yi, miƙa masa ya karanta.